Baƙon da ke Saman Ƙofar Yaya Luan

Kabarin yayata Luan shi ne na bakwai in ka hau daga mashigin jirgin Nan'an, a jikin jan dutsen nan da ke kallon kogi. Ni na sare shi, ina da shekara ashirin da biyu, lokacin ina ƙarƙashin maigidana Tsoho Pu. Tun daga lokacin na sare kaburbura sun fi talatin, wasu na masu rijiyar gishiri, wasu na ma'aikatan hukuma, amma in na rufe ido wannan ne kaɗai nake iya bi lungu-lungu.

Luan ce ta rene ni. Iyayenmu sun rasu a shekarar zazzaɓi, ita tana da sha takwas, ni ina da bakwai. Da Gong Mao mahauci ya zo neman aurenta, sharaɗi ɗaya ta kafa masa, cewa da ƙaninta za ta tare. Mao ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wannan ai ko ɗan alade ya fi shi ci, a taho da shi. A gidansu na girma. Mao ƙato ne, muryarsa tana ƙetare kogi, kuma tun ranar da na fara dawowa gida jajawur da garin dutse bai ƙara kirana da sunana Kang ba, sai dai Ƙura. Ni kuma ina ce masa Mahauci in Yaya ba ta kusa, Yaya Mao in tana nan.

Da kasuwa ta yi masa kyau sai ya ce shi ma zai yi kabari irin na mutane, tun suna da ƙarfinsu. Tsoho Pu ya zaɓa musu wuri, ya ba ni aikin. Tsarin dai wanda kowa ya sani ne: zaure a buɗe daga waje inda rayayyu ke zama su ajiye abinci, sai ƙofa, sai doguwar hanya, sai ɗaki a ƙurya mai murhu da rumbu da wurin akwatin gawa biyu, na miji da na mata. Rani uku na yi a kai.

Waɗannan rani ukun ban taɓa cin abinci mai sanyi ba. Kullum rana ta take sai ga Yaya ta hauro da kwando, gwaza da citta, wani lokaci kifi. Ba ta ajiyewa ta tafi. Sai ta zauna a bakin zaure tana fere gwazar dare, tana duba aikina kamar ita ce maigidan. Ta sa na rage tsawon murhu, wai wace mace ce za ta yi girki a tsaye kamar mai jiran jirgi. Ta sa na faɗaɗa ramin da ruwa ke bi ya fita, wai ba za ta kwanta cikin danshi ba, ƙafafunta ba sa so. Tsoho Pu yakan ce da namiji ce da ya kore ni ya ɗauke ta.

Sai muka zo kan saman ƙofa. A nan kowa Uwar Yamma yake sawa, zaune a kan damisa da macijin sama, ita ce mai karɓar matattu ta ba su maganin dawwama. Har na zana ta da gawayi. Yaya ta zo ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a goge.

"Na zauna da uwar miji shekara tara a duniya," ta ce. "Ba zan je can ma in tarar da wata a bakin ƙofa tana hararata ba."

Mao ya yi dariya har da riƙe ciki, ko da yake uwarsa ake nufi. Ashe tana da wanda take so. A jana'izar wani mai gishiri ta ga irin itacen tagullar nan da ake shiga da shi kabari, a jikin gangarsa akwai wani ɗan mutum zaune, bai fi babban yatsa ba. Ta bi ta gano maƙerin da ya zuba shi, ta dame shi har ya ba ta aron samfurin na yumɓu. Shi ta kwance daga bakin ɗamararta ta miƙo min. Mutum ne ya tanƙwashe ƙafa, ba hula, gashinsa a cure a tsakar ka, wani abu kamar faifai a bayan kansa. Hannun dama a ɗage, tafin yana kallonka, na hagu riƙe da gefen mayafi.

Tsoho Pu ya jujjuya shi a tafinsa. Ya ce ya taɓa jin labarinsa, Futu ake ce masa, wani madawwami ne na baƙin nan masu dogon hanci. Tunda daga yamma yake, lalle maƙwabcin Uwar Yamma ne, ba za ta ji haushi ba in ya riƙe mata ƙofa ɗaya. Iyakar abin da muka sani ke nan, kuma ya ishe mu.

Kwana arba'in na yi a kan tsani. Abu kamar yatsa ne za ka mayar kamu ɗaya, duk abin da ba ka gani a ƙaramin sai ka ƙirƙira. Ninkin mayafin bai ba ni wuya ba, fuskar ce. Na farko ta ce ya yi kama da mai karɓar haraji. Na gyara, ta ce yanzu kuma kamar ya sha giya. Baki kaɗai sau uku na sake, har fuskar ta ɗan shige cikin dutse fiye da yadda na so. Abin da take nema, in ji ta, fuskar mutumin da ba ya gaggawa, wanda in ka makara zai jira ka ba tare da ya yi maka gori ba. Ranar da ta ɗaga kai ta duba ba ta ce a gyara komai ba, ta koma kan gwazarta, na san na gama.

Shekara huɗu bayan haka tari ya kama ta da damina, kafin a girbe shinkafa ta rasu, muka shigar da ita kabarin. Muka jera tubalin rufe ƙofa a ƙarƙashin baƙon nata.

Mao bai sake aure ba. Sau biyu a shekara, da bazara da bayan girbi, yakan zaɓi alade mafi ƙiba a garkensa, ya yanka da hannunsa, ya hauro da kai da ƙafar gaba da tulun giya. Kafin ya ajiye wa Yaya nata, sai ya fara yankar kunci, wurin da ya fi daɗi, ya ɗora a kan ɗan dutsen da ke ƙasan Futu, ya tsiyaya masa giya. Yakan ce masa, ga naka, maigadi, ka kula min da ita. Daga nan mu zauna a zaure mu cinye sauran, ni da shi da ɗansa Sheng, muna kallon jirage, yana ba mu labarin yadda ta taɓa bin sa da muciya har bakin kasuwa. Shekara goma sha tara muna haka, kuma ban san ranakun da suka fi min waɗannan daɗi ba.

A shekara ta goma sha tara ne wani fatake ya sauka Nan'an, baƙo mai dogon hanci, sunansa An, yana sayar da duwatsun wuya da turare. Ya bi ta gaban rumfar Mao, sai Mao ya hango wani abu rataye a wuyansa. Ya kira shi ya duba, Futu ne, har da hannun a ɗage. Murna ta kama Mao kamar ya ga ɗan garinsu. Ya zabga ƙatuwar tsoka ya naɗe a ganye ya miƙa masa kyauta, ya ce mutuminku ne ke gadin matata.

Baƙon ya ja da baya, ya ƙi karɓa. Ya daɗe a ƙasarmu, yana jin yarenmu. Ya tambayi yadda aka yi, Mao ya kwashe duka ya faɗa masa, har da kunci da giya, yana alfahari. Waɗanda ke wurin sun ce baƙon ya rufe bakinsa da hannu. Sannan ya yi masa bayani a hankali, cewa Futu ba ya karɓar jini, ba ya karɓar giya. Farkon abin da ya hana mabiyansa shi ne kashe mai rai, ko da kaza ce. A ƙasarsu furanni ake kai masa da turare.

Mao ya ajiye naman. Ya rufe rumfa da rana tsaka, abin da bai yi ba ko ranar da aka haifi Sheng.

Ni ban ji labarin ba sai bayan wata guda, lokacin da ƙafafunsa suka kumbura, ciwon da ya daɗe yana ɓoyewa ya kwantar da shi. Sheng ne ya zo ya same ni a wurin aiki, ya ce Kawu, Baba yana nemanka, kuma ka zo da haƙuri. Na tarar da shi a kan tabarma, an jingina shi da buhun ƙaiƙayi, ƙaton nan duk ya zube, sai muryar. Ya kori kowa, ya gaya min abin da ya faru, sannan ya faɗi abin da yake so: in hau in sare Futu daga saman ƙofar, in shafe wurin sumul.

Na ce masa ya san dokar sana'armu. Kabarin da mutum ke kwance a ciki, ƙarfe ba ya taɓa shi. Ya ce doka ta mutane ce, mutane ke karya ta. Na ce to ban da doka ma, Yaya ce ta zaɓe shi.

"Ita ba ta yanka komai ba," ya ce. "Kifi ma ni nake kashe mata. Ita ta wuce lafiya. Ni fa, Ƙura? Shekara arba'in hannuna cikin jini. Ta ƙarƙashin ƙafarsa za a wuce da ni."

"To sai me? Dutse ne. Ni na sare shi, na san abin da ke bayansa. Dutse ne shi ma."

"In dutse ne, me zai hana ka sare shi?"

Ya ce in ban yi ba, ya riga ya gaya wa Sheng a haƙa masa rami a bayan garke a binne shi cikin ƙasa. Na san Mao, ba ya faɗin abin da ba zai yi ba, kuma Sheng ba zai saɓa wa maganar uba ta ƙarshe ba. Wato Yaya za ta kwanta ita kaɗai a ɗakin da aka yi wa mutum biyu, da wurin akwati ɗaya a buɗe gefenta har abada. Ita da ta sa na matso da wuraren biyu kusa da juna, wai in yana minshari ta iya zungurinsa.

Washegari na nemi baƙon a masaukin fatake. Na yi niyyar in zage shi, amma na tarar da mutum mai sanyi, yana ta ba da haƙuri tun kafin in buɗe baki. Na tambaye shi kai tsaye, wannan Futu naku zai tare wa mahauci ƙofa? Ya ce Futu ba maigadi ba ne, ba ya tsaron ƙofar kowa, hasali ma shi bai taɓa jin an sa shi a kabari ba sai a ƙasarmu. Mutum ne da ya rayu, ya koyar, ya tafi. Hannun da ya ɗaga kuwa, cewa yake kada a ji tsoro. Na ce to ka zo ka faɗa wa mara lafiya haka da bakinka. Ya biyo ni, ya durƙusa gaban Mao, ya maimaita duka.

Mao ya saurare shi har ƙarshe, ya gode masa, ya sa aka ba shi lemo. Da baƙon ya fita na ce to ka ji, magana ta ƙare. Ya girgiza kai.

"Kai dai kanka dutse ne. Ka ɗauka tsoro nake ji? A ce ka yi baƙo a gidanka, shekara goma sha tara kana tura masa abin da yake ƙyama a gabansa, kana dafa kafaɗarsa kana ce masa ci. Shi kuma don kirki bai taɓa ce maka komai ba. Ranar da ka gane, da wane ido za ka dube shi? Da ma mai faɗa ne, da na ji sauƙi. Wannan fuskar da ka yi masa ce ba zan iya wucewa a gabanta ba."

A nan na gane ba a gyara wannan da magana. Tsoro ana lallashinsa, amma kunya irin ta Mao ba ta jin lallashi.

Kwana biyu ina jujjuya abin. A na uku na ɗauki tsani da guduma da ƙarfe na hau, da niyyar in yi abin da ya ce. Na gaya wa kaina Yaya mijinta za ta fi so a kan siffar dutse. Na kafa tsani, na hau, na ɗora bakin ƙarfe a gefen kunci. Rabona da in zo kusa da fuskar haka tun ranar da na gama ta. Daga ƙasa ba a gani, amma daga nan ga sawun gyara uku a gefen baki, ɗaya cikin ɗaya. Na san ranar kowanne, na san abin da ta faɗa a kowanne, har abin da ke cikin kwando a ranar ina iya tunawa. Kayanta duk sun ƙare, gidan ma Sheng ya sake masa gini. Wurin nan kaɗai ya rage inda ta ce a yi kaza aka yi, kuma yana nan yadda ta bar shi. Na daɗe a tsaye a kan tsani. Na sauko ban buga ba.

Na fita na zauna a bakin kogon da ke kusa, na takwas. Wannan nawa ne. Tsoho Pu ya bar min wurin kafin ya rasu, shekara goma ina sararsa kaɗan-kaɗan in aiki ya yi sauƙi, don ni da matata Wan. Zaure ya ƙare, hanya ta ƙare, ɗaki saura gyara. Ina zaune sai na tashi na shiga ƙurya, na ƙwanƙwasa bangon hagu da ƙotar guduma, na kasa kunne. Mu da kunne muke auna dutse. Na ƙwanƙwasa sama, na ƙwanƙwasa ƙasa. Kamu uku ne tsakanina da ɗakin Yaya, ko da ɗan ɗori.

Babu abin kunya a sana'armu kamar ka huda kabarin maƙwabci. Wanda ya yi haka, ko bisa kuskure ne, ba a sake ba shi aiki a jikin dutsen nan. Kuma ɗakin da aka bi da gawa ta cikinsa ya zama hanya, ba a kwantar da kowa a hanya. Duk na san wannan. Na je gida na gaya wa Wan, tunda rabin ɗakin nata ne. Tana tankaɗe ta ce Yaya Luan ce ta zo nema min aurenta lokacin ba ni da ko tabarmar kirki, in je in yi, amma in sani ita ba za ta kwanta a bayan garken kowa ba.

Mao da ya ji, sai ya ɓata rai. Ya ce wato ta ƙofar baya za a shigar da shi wurin matarsa kamar ɓarawo. Na ce ba ƙofar baya ba ce, ta gidana zai bi, ta ƙofar gaba, a ɗauke shi da girmansa, ba zai ga Futu ba, Futu ba zai gan shi ba. Ya tambaya ƙarfe fa, ba na ce ba ya taɓa kabarin da mutum ke ciki ba? Na ce ƙarfe zai ci dutsena ne, in na zo kan nata zan ajiye shi. Ya juyo ya dube ni.

"Kai kuma ina za ka kwanta?"

"Ba damuwarka ba ce, Mahauci. Kai dai kada ka mutu sai na gama."

"Ka yi sauri to. Tun kana yaro nawa gare ka."

Na fara a ranar. Rami ne mai faɗin akwati da kafaɗun masu ɗauka, tsawo daidai mutum a sunkuye. Ni kaɗai na yi, don ba wanda zan jawo wa baƙin jini. Ba a yi kwana uku ba labari ya zaga dutsen. Luo Jian, wanda shi ne babba a cikinmu tun bayan Tsoho Pu, ya hauro da kansa, ya tsaya a bakin ɗaki yana kallon inda nake sara. Ya ce Kang, kunnenka ya mutu ne, ba ka jin akwai ɗaki a bayan nan? Na ce ina ji sarai. Ya ce to ka san abin da zai biyo baya. Na ce na sani. Bai yi faɗa ba, tare muka koyi aiki, ya san Yaya, ya ci gwazarta. Ya ce shi ba zai iya kare ni ba, sannan ya nuna min wata jijiya a dutsen, ya ce in bi ta ƙasanta kada rufin ya tsage. Ya sauka abinsa.

Kowace yamma nakan bi ta gidan Mao in gaya masa inda na kai, yakan ce ƙarya nake, ya san ina can ina barci. A kwana na goma sha shida bai amsa min ba. A na sha takwas da hantsi ya cika, saura min kusan kamu ɗaya. Sheng ya ce za su riƙe gawar a gida gwargwadon al'ada, in yi a hankali. Ban yi a hankali ba. Kwana shida na ƙara, ina sara ina ƙwanƙwasawa, sautin yana ƙara zama kamar na tulun da ba ruwa. Da ya rage kaurin yatsa biyu sai na ajiye ƙarfe. Jan dutsen nan in ya sha ruwa yakan yi laushi. Na riƙa jiƙa tsumma ina mannawa a bangon, ina sakewa, kwana biyu, har ya zama in ka kankara da farce yana biyo ka.

Ranar jana'iza aka hauro da Mao a akwatin yumɓu gasasshe, mutum takwas suna haki, wani yana cewa ko a mace ma sai ya wahalar da mutane. Suka wuce zauren Yaya ba su tsaya ba, suka shigo nawa. Na ɗauki taɓarya ta itace, na dafa bangon da hannu ɗaya, na tura. A turi na uku ya faɗa ciki, ba ƙara sosai. Iska mai sanyi ta fito, busasshiya, ba wari ko kaɗan. Ramin ruwan nan da ta sa na faɗaɗa ya yi aikinsa.

Ni na fara shiga da fitila don in share ɓaraguzai. Komai yana inda muka bar shi. Tukunya a kan gajeren murhu, karen yumɓu da kaji a gefen rumbu, ƙurar da ta rufe su ba ta kai kaurin ganye ba. Akwatinta yana dama, wurin hagu a buɗe. Na durƙusa na share wurin da tafin hannuna. Ban shirya magana ba, kuma ni ba mai magana ba ne.

"Yaya, ni ne, Kang. Na kawo miki shi. Ta gefe muka shigo, kada ki yi faɗa, shi ya ƙi bin ƙofa."

Muka ja shi ciki, muka daidaita shi dab da ita. Sheng ya ajiye masa wuƙaƙensa na yumɓu da tulun giya, muka fito da baya. Na jera tubali a ramin, na shafe da laka, sannan na rufe ƙofar ɗakina ma, tunda ba mai shigarsa kuma.

Luo Jian ya yi abin da ya zame masa dole, ban riƙe shi da komai ba. Shekara biyar ke nan ba a ba ni kabari a Nan'an ba. Yanzu dutsen niƙa nake sassaƙawa da kwamin dabbobi, ana saye, muna ci. Wan ba ta manta da maganarta ba, ni ma ban manta ba. Na sami wani wuri can sama da kogi, tafiyar rabin yini, inda ba kowa, ina zuwa in an sami sarari. Dutsen wurin ba shi da kyau, ɓarewa yake yi, kuma kafaɗata ba kamar da ba. Kamu biyar na shiga zuwa yanzu. Wan ta zo sau ɗaya ta duba, ta ce ƙofar ta yi ƙunci. Na ce mata zai ɗauke mu mu biyu, in dai ba wanda ya yi gaggawa a cikinmu.